Sensar Motar Likita

Ranar da na koma aiki bayan hutun haihuwa, motar Likita na fara tararwa a gareji, an faka ta gefen ramin duba mota, bonet a buɗe. Ko ban dubi lamba ba na san ta. Fara ce doguwa, da ɗan lotsawa a ƙofar baya wadda yayana ya daɗe yana roƙon a bari ya kai a buga. Shekara shida yana tuƙa ta. Kafin ita ya tuƙa wa Likita wasu biyu, gaba ɗaya shekara goma sha tara ya yi a gidan. A ranar kuwa sati uku ke nan da korarsa.

Ni ce auta a ɗakinmu, shi ne babba, tsakaninmu shekara goma sha shida. Da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe ni, kuma shi ya kai ni koyon lantarkin mota lokacin da dangi suka ce keken ɗinki ya kamata a saya mini. A gareji 'Yar Waya suke ce mini. Duk abin da ya shafi waya, fitila, batir da kwamfutar duba mota nawa ne. Sauran aikin na Maigida ne da mutanensa. Maigida tsohon bakanike ne, ya fi shekara talatin a cikin baƙin mai, kuma ba zan rage masa ba, yana da kunne. Zai tsaya daga bakin ƙofa ya gaya maka bawul ɗin da ke ƙara. Amma kwamfuta ba ta taɓa kwanta masa ba, cewa yake kayan kurame ce. Wata huɗun da na yi a gida, a durowa ya kulle ta tare da maganin ciwon bayansa.

Labarin korar ba daga bakin Yaya na ji ba, matarsa ce ta ba ni. Ta ce motar ta fara wani hali ne. Da safe za ta tashi lafiya lau. Idan aka yi rabin awa ana tafiya, musamman a cikin cunkoso, sai ta yi fizga sau biyu ta mutu. A murɗa makulli, injin ya yi ta juyawa ya ƙi kamawa. A bar ta minti goma sha biyar ta huce, sai ta tashi kamar ba ita ba. Sau uku Yaya ya kawo ta garejinmu. Zuwan farko aka canza filogi. Na biyu aka canza matacin mai da famfonsa. A na uku ne Maigida ya kira Likita a waya ya ce shi ya duba ko'ina, motar ba ta da laifi, gurɓataccen mai ake zuba mata, kuma ai Likita ya san wanda ke zuwa gidan mai.

Bayan kwana huɗu aka kira Likita asibiti da gaggawa, za a shiga tiyata. Motar ta mutu a tsakiyar gada ana ruwan sama. Likita ya fita da ƙafa ya tari tasi, kafin ya isa wani ya riga ya shiga aikin. Da yamma, a tsakar gidansa, gaban maigadi da mai girki da yaran da Yaya ya yi ta kaiwa makaranta tun suna bacci a kujerar baya, ya ce a ba shi makullinsa. Ya ce ya gano ana sayen man bakin hanya a zuba masa, a soke sauran kuɗin a aljihu. Yaya ya ɗora makullin a kan bonet, ya ɗauki filas ɗin shayinsa, ya taka da ƙafa har gida.

Akwai abin da matar Yaya ba ta sani ba, ni kuma ban gaya mata ba. Tun bayan zuwansa gareji na farko, jaririna yana da wata biyu, Yaya ya zo gidana duba mu. Yana zaune a bakin kujera riƙe da yaron ya ba ni labarin motar tiryan-tiryan, har da cewa wata fitila tana kamawa a gaban sitiyari, amma da ya karɓo motar daga gareji sai ya tarar fitilar ta mutu. Ina ninke kayan jariri na ce masa wannan kamar sensa ce, ya mayar da ita, zan kira Maigida in gaya masa inda zai duba. Ban kira ba. Yaron ya yi ta ciwon ciki a satin, maganar ta fita daga kaina, ba ta dawo ba sai ranar da matar Yaya ta kira ni tana kuka.

To ga motar a gabana. Maigida ya yi mini barka da dawowa, ya tambayi mai sunan wa aka samu, sannan ya ce sabon direban ma ta mutu masa sau biyu. Shirinsa shi ne a sauke tanki a wanke, don a ganinsa dattin tsohon man ne bai gama fita ba.

"Ba don in ɓata miki rai ba," in ji shi, "amma abin da aka daɗe ana zubawa ba ya fita rana ɗaya."

Na ce ya ba ni makullin durowa.

Da na jona kwamfuta ban sami komai ba, kuma na san dalili. Maigida yana da al'adar cire kan batir na 'yan mintoci idan fitilar injin ta kama, fitilar ta mutu, mai mota ya tafi da murna. Abin da motar ta rubuta game da ciwonta ma ya goge tare da fitilar. Sai na tada ta, na kunna na'urar sanyi da duk fitilunta, na bar ta tana silo, injin yana aiki tana tsaye, na jawo benci na zauna. Masu wucewa suna ta tsokanata wai na dawo da renon ne, yanzu mota nake goyo. Minti talatin da takwas ta yi. Ta yi fizga, allurar gaban sitiyari ta faɗi, ta mutu. Fitilar ta kama, kwamfuta ta nuna lamba ɗaya tak: saƙon da ke zuwa daga sensar kamshaf ya yanke.

Kamshaf wani sandan ƙarfe ne a saman injin, shi ke buɗe bawul yana rufewa. Sensar kuwa 'yar roba ce baƙa da ba ta wuce babban yatsa ba, tana leƙen sandan tana gaya wa ƙwaƙwalwar motar inda ya kai, don ta san lokacin da za ta fesa mai ta ba da wuta. Idan saƙon ya yanke, motar ba ta san lokacin ba, sai ta tsaya. Amma lamba ba ta isa a ce sensa ta mutu ba. Na ga an zubar da lafiyayyun sensoci da yawa alhali ɓera ne ya ci waya. Don haka na cire soket ɗin na ɗauko mita. Wayoyi uku ne. Ta wuta tana kawo abin da ya kamata. Ta ƙasa lafiya. Ta saƙo na bi ta da hannu har inda ta shige cikin mota, ina lanƙwasawa ina duban mita, ba ta tsinke ko'ina ba. Cikin soket ɗin ne na ga baƙin mai ya taru, ya jiƙa haƙoransa.

Noti ɗaya ne ke riƙe da sensar, sifana mai lamba goma. Na kwance, na murza ta, ta fito. Robar da ke zagaye da wuyanta ta bushe ta yi tauri kamar tsohon takalmi, jikinta kuma ya tsage siriri daga sama har ƙasa. Idan injin ya yi zafi tsagar ta buɗe, idan ya huce ta koma ta haɗe. Shi ke nan ciwon. Don kada a bar ƙofar magana, na tsiyayo mai daga tanki a cikin kwalbar ruwa na ɗaga ta a rana. Tas yake, babu ruwa, babu laka, babu warin kananzir.

Na kai wa Maigida su biyun a ofis. Ya daɗe yana jujjuya sensar a hannunsa, ya kai ta kusa da taga ya ga tsagar. Mutum ne da ya san aiki, bai yi gardama ba. Abin da ya ce shi ne a aika a sayo sabuwa a saka, amma in Likita ya zo a ce masa an wanke tanki kuma an canza wata 'yar sensa a kan hanya. Ya ce ba ƙarya ba ce in dai an wanke tankin, kuma za a wanke. Ya ce motocin asibitin nan guda takwas duk ta hannun Likita suke zuwa mana, kuma mutum goma sha ɗaya ke cin abinci a garejin nan, har da ni.

Na ce, "Yayana fa?"

Ya ce wanda aka kora an riga an kore shi, tone-tone ba zai mayar da shi ba. Ya ce shi bai ambaci sunan kowa ba a wayar nan, Likita ne ya fassara. Ya faɗi haka yana duban kalandar da ke bango.

Sabuwar sensar ta iso kafin sha biyu. Na cire kan batir, na wanke soket ɗin da feshi na bar shi ya bushe, na shafa ɗan mai a sabuwar robar, na tura ta har ta zauna, na ɗaure noti, ban matse da yawa ba don kada ta fashe. Na mayar da soket har ya yi ƙas. Duka aikin bai kai minti ashirin ba. Na goge lambar, na fita da motar da kaina. Na shiga cunkoson kasuwa da gangan, na hau gadar nan na sauka, na sake hawa. Awa ɗaya da kwata na yi, ko tari ba ta yi ba. Kujerar direban har yanzu tana da ɗan ramin da bayan Yaya ya yi mata, sabon bai kai ga sake ta ba.

Likita ya zo da kansa bayan ƙarfe biyu, sabon direban yana biye da shi. Maigida ya tare shi da fara'a ya fara maganar tanki. Na bari ya kai aya, sannan na ajiye kwalbar da tsohuwar sensar a kan bonet. Na ce ba a taɓa tanki ba. Na ce ga man da ke ciki, ga abin da ya lalace, kuma ko man da ya fi kowane kyau a duniya aka zuba mata da sai ta mutu a kan gadar nan. Na nuna masa tsagar.

Likita mutum ne mai saurin fahimta, ban maimaita komai ba. Ya sa tabarau ya duba sensar, ya tambayi ko zafi ne ke buɗe tsagar, na ce eh. Ya gyaɗa kai yana murmushi kamar an nuna masa hoton ƙashi mai ban sha'awa. Ya dubi Maigida ya ce ai ko su a asibiti hakan na faruwa, a yi ta maganin abu ashe wani abu ne daban. Maigida ya yi dariya, dariyar wanda aka sauke wa kaya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, direban da ka sallama yayana ne. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Ya ce ya sani, ai ya sha jin labarina a mota. Ya ce abin bai yi daɗi ba, ranar ransa a ɓace yake, wanda aka yi wa tiyatar nan ma da ƙyar ya sha. Ya ce sabon direban ɗan'uwan matarsa ne, ya baro wani aikin ya zo, ba zai yiwu a ce masa ya koma ba. Amma zai rubuta wa Yaya takardar shaida mai kyau.

Na ce an kira shi ɓarawo a gaban mutane.

"Ban yi amfani da wannan kalmar ba," in ji Likita. Ya duba agogonsa, ya ce in ci gaba da aiki haka, ƙasa tana bukatar mata irina. Sabon direban ya buɗe masa ƙofa.

Da aka tashi ban wuce gida ba, na kira maƙwabciyar da ke riƙe mini yaro na ce ta ƙara mini awa ɗaya. Na tarar da Yaya a tsakar gida yana gyaran ƙafar wata kujera da ba ta bukatar gyara. Matarsa ta raɗa mini a ƙofar kicin cewa har yanzu ƙarfe biyar yake tashi ya goge takalmi ya fita neman aiki. Gidaje uku sun kusa ɗaukarsa, amma duk wanda ya aika a tambaya a gidan Likita, maigadi ne ke fara ba da labari.

Na zauna a kan bokiti na gaya masa komai. Bai bar kujerar ba sai da na zo kan tsagar. Sannan ya ajiye guduma ya tambaye ni ko robar ce ta bushe, na ce ita ce. Ya tambayi ko na sa ta ainihi ko ta kwaikwayo, na ce ta ainihi. Ya tambayi ko sabon direban nan yana barinta ta ɗan yi ɗumi da safe kafin ya taka ta, don ba ta son gaggawa. Na ce ban sani ba. Na gaya masa maganar takardar shaida.

Ya ce shi ba takarda yake so ba, aikin ma ko an ba shi ba zai koma ba. Abu ɗaya yake so. Likita ya tsaya a tsakar gidan nan, ya kira maigadi da mai girki da yaran, ya ce motar ce ta lalace. Ko shi ba ya nan, a faɗa kawai. Ya ce ƙaramar yarinyar, wadda ya koya wa ɗaure igiyar takalmi, tana tsaye a bakin baranda ranar, kuma ya ga yadda ta dube shi.

A nan ne na gaya masa cewa ban kira Maigida ba. Na ce na yi masa alkawari na manta, kuma da na kira da ba a kai ga haka ba. Na shirya wa faɗa, har na so ya yi.

Ya ce, "Na sani, Auta. Na tambaye shi a zuwa na biyu, ya ce ba ki kira ba."

Na ce to me ya hana ya tuna mini.

"Kina da jariri," in ji shi. Ya ɗauki gudumarsa.

Na kai saƙonsa ga Likita sau biyu. Na farko a waya, ya ce yana shiga taro, zai duba. Na biyu na rubuta na ba sabon direban, ban sami amsa ba. Takardar shaidar dai ta zo bayan sati biyu a cikin farin ambulan. Layi uku ne. Ta ce mai wannan takarda ya yi aiki shekara goma sha tara, yana zuwa a kan lokaci, kuma ya san hanyoyi. Babu maganar amana a ciki. Matar Yaya ta tambayi mai girkin da suka haɗu a kasuwa ko an taɓa tada zancen a gidan, ta ce abin da suka ji kawai shi ne an gyara mota.

A wata na biyar da korarsa Yaya ya sami tuƙin tifa a wani wurin fasa dutse, tafiyar awa huɗu daga gida. Can ba a tambayar takarda. Sati biyu-biyu yake zuwa, ya kwana biyu ya koma. Mutumin da ya yi shekara goma sha tara cikin farar riga, yanzu in ya zo sai matarsa ta jiƙa kayansa kwana guda kafin su wanku. Bayansa ya fara ciwo, in zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango. Ba ya maganar gidan Likita, mu ma ba ma yi. Yana ɗaukar yarona ya yi masa wasa kamar da, yana ce mini Auta kamar da, sai dai bai ƙara tambayata komai game da mota ba, ko da tifar ta ba shi wahala.

Maigida bai kore ni ba. Ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata sai da kai, daga baya ya huce, don motocin asibitin ba su daina zuwa ba. Kwamfutar ma yanzu a kan teburina take kwana. Na ji shi da kunnena yana ba wani mai mota labarin, yana cewa tun zuwan farko jikinsa ya ba shi sensa ce. Ina ƙarƙashin sitiyarin wata mota ina jin sa, ban fito ba. Na yi tunanin barin wurin, amma garejin da ke ɗaukar mace mai goyo ba su da yawa, kuma wannan ne kusa da gida.

Likita kuwa ya ba da umarni cewa kada kowa ya taɓa lantarkin motarsa sai ni. Yana turo abokansa ma, yana ce musu akwai wata yarinya a can da ta san abin da take yi. Wani lokaci yakan zo da kansa, ya tsaya yana kallon aikina, ya yi tambayoyi masu ma'ana. In zai shiga mota sai ya juyo ya ce in gaishe masa da yayana. Ina cewa zai ji. Ban taɓa kai gaisuwar ba.